Kurfey: Zumuncin Kiristoci da Musulmi na fuskantar jarrabawa

A Filinge, mai nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, Kiristoci ƴan tsiraru ne, kamar yadda suke a sauran sassan Nijar. Kiristan da ke zaune a ƙasar Kurfey da Musulmi yake cin kasuwa, su ne abokan bikinsa da zaman makokinsa. Ga mabiya addinin da ya umarce su da ƙaunar maƙwabci, riƙe wannan zumunci ibada ce.

Sai dai matsalar tsaro a jihar Tillaberi na neman raba su. A watan Satumban 2018 ƴan bindiga sun sace limamin cocin Katolika Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. A Maris ɗin 2025 kuma an kashe mutum 44 a masallacin Fambita ranar Juma'a. Ke nan harsashin bai tambayi addinin kowa ba.

Haɗarin shi ne tsoro ya sa kowa ya koma cikin nasa, alhali wanda ya rabu da maƙwabta ya rasa mai yi masa gargaɗi da mai ɓoye shi. An ga haka a tarzomar Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai: wasu Musulmi ne suka buɗe wa Kiristoci gidajensu.

Don haka aiki na gaban limamai, fastoci da sarakunan Kurfey: su kare gaisuwa da ziyarar juna tun kafin tsoro ya yanke su.