Kun Shekara Talatin Kuna Zaginmu, To Wa Ke Koya Wa Ɗalibanku Rubutu?

Ku yi mini haƙuri, yau labarin soyayya zai ɗan jira, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da malaman jami'a nake.

Tun 1994 da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafanmu suna Adabin Kasuwar Kano, har zuwa muhawarar da aka tafka a jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990, inda irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suka shiga fage, babban laifin da ake ɗora mana bai canja ba: wai ba mu san ƙa'idojin rubutu ba, muna haɗe kalmomin da ya kamata a raba, muna raba waɗanda ya kamata a haɗe, jigonmu ɗaya, zubinmu barkatai. To, mun ji. Akwai littattafan da suka cancanci wannan sukar, ba mai musu. Yawancinmu a sakandare muka tsaya, wasu ma ko can ba su kai ba. Amma tambayata ita ce, su waɗanda suka kai jami'ar, suka zauna a gabanku shekara huɗu cur, yaya nasu rubutun yake?

Ni dai ina ganinsa. Duk shekara sai an samu ɗalibai 'yan ajin ƙarshe sun neme ni, suna son tsofaffin littattafaina domin su yi kundin digiri a kansu. In na ce su nuna mini abin da suka rubuta, sai in ga babi na ɗaya da na biyu kamar an buga su da hatimi ɗaya. Yaro ya kwaso shafi guda daga kundin wani wanda shi ma kwasowa ya yi, har da kuskuren da na farkon ya tafka. In ka ce masa, "Ɗana, a nan me kake son ka ce?" sai ya tsaya yana kallonka. Kuma wallahi ba daƙiƙai ba ne. Da baki zai warware maka labarin tsaf, ya gaya maka inda marubucin ya yi ƙarya da inda ya burge shi. Ba a taɓa zama da shi an nuna masa yadda zai sauke abin da ke kansa a kan takarda ba, shi ke nan.

Abin da ake ba shi a shekarar farko shi ne kwas ɗin nan na koyon Turanci da kowa ke ɗauka, a babban ɗakin lacca, ɗaruruwan yara da malami ɗaya, wasu a kan taga. A ba su takardun haddacewa, su yi jarrabawa, a wuce wurin. Sai a shekarar ƙarshe a ce da shi ya kawo kundi mai babi biyar. Malamin da aka ba shi ya duba masa kuwa yana da irinsa tuli, ga lacca, ga taro, ga nasa karatun. Iyakarsa ya ja jan biro ya ce a sake. A sake yaya? Oho. Daga nan yaro ya nufi shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta, inda kowa ya san ana sayar da kundi kamar ƙosai. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ma an rage masa wahalar tafiya, a wayarsa zai sa a rubuta masa.

A wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa lacca ba ta koyar da rubutu. Jami'ar Iowa ta Amurka ta buɗe ɗakin taimaka wa ɗalibai a kan rubutu tun 1934. Jami'ar Purdue ta buɗe nata a 1976, daga baya ta ɗora shi a intanet, har yau mutane daga ko'ina suna shiga su ƙaru kyauta. Kada a ce ai wannan sai Turawa: Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta buɗe nata a 1994, a daidai lokacin da yaran baƙar fata da mulkin wariya ya ba su gurguwar makaranta suka fara shiga jami'o'in da yawa.

Yadda abin yake ba wani sihiri. Ɗalibi ya zo da abin da ya rubuta, ko da shafi ɗaya ne, ya zauna da mutum guda na rabin awa ko awa ɗaya. Sau da yawa mai taimakon ma ɗalibi ne na gaba da shi da aka horar. Sai a sa shi ya karanta rubutunsa da ƙarfi, kunnensa ya jiyo masa inda maganar ta karye. A tambaye shi me yake nufi, ya faɗa da baki, a ce to rubuta shi haka. Mai taimakon ba ya ba da maki, don haka yaro ba ya tsoron ya ce bai gane ba. Kuma ba ya karɓar biro ya rubuta masa, domin yaron ake son a gyara, ta yadda gobe zai iya shi kaɗai.

In kuma an raina misalin waje, to ga na gida, kuma daga Katsina. Alhaji Abubakar Imam da kuke kafa mana hujja da shi kullum, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Shin daga sama ya faɗo da gwanintar? Dakta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ne ya duba masa, ya gyara, ya rage. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna kusa da East wata da watanni yana rubuta Magana Jari Ce, kuma shi Imam da kansa ya ba da labari a tarihin rayuwarsa yadda East ya riƙa nuna masa abin da ake yi da wanda ba a yi a ƙagaggen labari. Jiki Magayi ma ai sunan mutum biyu ke kansa, John Tafida da East. Ashe uban adabin namu ma sai da aka zauna da shi, mutum da mutum, da takarda a tsakaninsu. Mu 'yan kasuwar da ba mu samu East ba, sai muka yi wa kanmu. Ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da zaman karatu na ƙungiyar ANA a Kano, me ake yi a ciki in ba wannan ba? Ka karanta babinka, a yi maka kaca-kaca, ka koma gida ka gyara. Abin da jami'a ta kasa yi wa 'ya'yanta, mu da ake kira 'yan tasha mun yi shi ba da kasafin kuɗi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaranmu na nan yammacin Katsina. Yaron da ya taso a Darini ko wani ƙauye na Batsari da Safana, a bakin dajin Rugu, ya yi sakandarensa ne tsakanin gudun hijira da rufe makaranta. A Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantu. A Satumba 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, wata da watanni. Wanda ya tsallake duk wannan ya ci jarrabawa ya samu gurbi, ai jarumi ne. Amma sai a zaunar da shi benci ɗaya da wanda ya fito daga makarantar kuɗi a Abuja, a auna su da mudu ɗaya, in ya faɗi a ce bai da ƙoƙari. Iyayensa kuwa wataƙila ɗan abin da ya rage na dabbobi suka sayar suka biya masa.

Na san amsar da za a ba ni: babu kuɗi. Kuɗin me? Ɗaki ɗaya ne da tebura da kujeru, da ɗaliban digiri na biyu da za a horar a riƙa ba su ɗan alawus. Kuɗin bikin yaye ɗalibai na rana ɗaya, da rumfuna da manyan riguna, ya isa ya riƙe shi. Wasu za su ce ai zai koma wurin rubuta wa yara kundi. To ai wannan kasuwar tana ci yanzu haka a bakin ƙofarku, kuma rashin ɗakin ne ya raya ta.

Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011 wadda ke maƙwabtaka da Safana, da Al-Qalam, su ne yaranmu suka fi zuwa, don haka gare su nake miƙa kokon. Sharaɗina biyu ne. Na farko, a yi shi da Hausa da Turanci duka, a bar yaro ya fara warware tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi kafin a ce ya juya. Na biyu, a ware rana ɗaya a mako a buɗe mana ƙofa mu ma, marubutan kasuwa da 'yan matan nan masu rubuta littafi a WhatsApp. Mu zo da rubutunmu ku nuna mana inda ake raba "ba ya" da inda ake haɗe "baya", mu kuma mu nuna wa ɗalibanku yadda ake riƙe mai karatu ya kai shafi na ɗari biyu bai ajiye littafi ba.