NAZARI: Ana sayen motocin asibiti, amma wa zai shiga cikinsu?

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, daga bisani ta kama da wuta. Fiye da mutum 150 suka rasu. Aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu aka wuce da su Kano. Bayan wata uku, makamancin haka ya sake faruwa a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, muhawara kan tsaya ne a kan ɗibar mai da lalacewar hanya. Ba a cika tambayar wanda ke riƙe da majinyaci daga bakin titi zuwa ƙofar asibiti ba. A yawancin garuruwan Arewa, masu wucewa ne da direban a-kori-kura ko na a-daidaita-sahu. Niyyarsu alheri ce, amma wanda ya karye a ƙashin baya, in aka ciccibe shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya shanyewa har abada. Mai zubar da jini kuwa yakan cika a hanya in babu wanda ya iya tsayar da jinin. Wannan shi ne aikin ma'aikacin agajin gaggawa: buɗe hanyar numfashi, ɗaure rauni, sanya ruwa, da sanar da asibiti kafin a iso.

Doka dai tana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Ta kuma kafa asusun lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jinyar gaggawa. A 2022 aka fara gwajin shirin motocin agaji na ƙasa, NEMSAS, a Abuja. Sai dai kuɗi da mota ba sa ɗaure rauni.

A nan giɓin yake. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya fara horar da irin waɗannan ma'aikata tun 2008, kuma hukumar ilimin fasaha ta NBTE ta amince da difloma a fannin. Amma kwalejojin kimiyyar lafiya na jihohin Arewa sun fi yaye ma'aikatan lafiyar al'umma da na ɗakin gwaji da duba-gari. Matashin da zai shafe shekara biyu yana karatu yana son sanin ma'aikatar da za ta ɗauke shi, matakin albashinsa, da inda zai kai bayan shekara goma. Muddin jiha ba ta buɗe gurbin wannan aiki ba, iyaye ba za su biya kuɗin makaranta a kansa ba.

Ghana ta bi ta wata hanyar. Bayan turmutsutsun filin wasa na Accra a ranar 9 ga Mayu, 2001, wanda ya ci fiye da mutum 120, ta kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004. Hukumar na da makarantarta a Nkenkaasu, tana ɗaukar matasa, ta horar da su, ta ba su aiki. Lokacin da aka raba sababbin motoci 307 a Janairun 2020, akwai hukumar da za ta karɓe su.

Arewa ba ta rasa waɗanda za a ɗauka ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da Fityanul Islam da Red Cross sun daɗe suna ɗaukar marasa lafiya a filin idi, wurin wa'azi da sansanin alhazai, galibi ba tare da ko sisi ba. Sun saba da horo, sun san unguwanninsu, jama'a kuma ta yarda da su. Abin da ya rage shi ne karatu mai takardar shaida da albashi mai tabbas. Dole kuma a ɗauki 'yan mata, domin gidaje da dama sun fi sakin jiki idan mace ce ta zo ɗaukar mai naƙuda cikin dare.

Motar asibiti tana da farin jini wurin ɗan siyasa, domin ana liƙa mata hotonsa, a yanke kyalle gaban 'yan jarida. Horar da ma'aikaci kuwa ba ya ɗaukar hoto, kuma albashinsa na dawowa kowane wata. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, duk ɗan takarar da ya yi alƙawarin motoci ya cancanci tambaya uku daga matasa: mutum nawa zai horar, a wace makaranta, kuma a wane layi na kasafin kuɗi albashinsu yake.