Ra'ayinmu: Rigakafi, Zargi Da Rashin Namu Masu Bincike

Duk lokacin da aka ce ma'aikatan lafiya sun shigo unguwa da akwatin rigakafi, za ka ga magidanta sun kasu biyu. Wasu su miƙa 'ya'yansu ba tambaya, wasu kuma su rufe ƙofa su ce makircin Turawa ne. Mu a namu ra'ayin, duka ɓangarorin biyu akwai gyara a lamarinsu, domin babu wanda ya bincika a cikinsu.

Da farko dai, zargin da jama'armu ke yi ba daga sama ya faɗo ba. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana cikin wannan musiba ne kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe yaran. Abin da ya fi ciwo shi ne, sai a ƙarshen shekarar 2000 duniya ta ji labarin sosai, shi ma daga wata jaridar Amurka, alhali mahukuntanmu na nan zaune. Gwamnatin Kano ba ta kai ƙara ba sai 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Haka nan a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin bogi a Pakistan tana neman Usama bin Laden. To wanda ya san wannan, yaya za a ce masa jahili don ya yi tambaya?

Ga kuma tambayar da talaka ya sha yi, wadda har yau ba a ba shi amsa mai gamsarwa ba. Ya kai ɗansa asibiti da zazzaɓin cizon sauro, an rubuta masa magani ya je ya saya, amma ɗigon shan inna kyauta ake biyo shi da shi har gida. Gaskiyar lamarin ita ce, ita wannan cuta a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka idan aka rufe mata ƙofa ko'ina za ta ƙare gaba ɗaya, kuma ƙasashen da ke ba da kuɗin suna tsoron ta koma masu. Wa ya zauna ya yi wa mutane wannan bayanin? Sai dai a zo da ɗan sanda.

Amma fa, 'yan'uwa, sai mu faɗa wa kanmu gaskiya ko da ɗaci. A 2003 aka yaɗa cewa an sa maganin hana haihuwa a cikin ɗigon shan inna, jihar Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa watan Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi. A wannan tsakanin cutar ta samu sarari. Yaran da ta kama a Nijeriya suka tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Ta tsallaka zuwa Sudan da Yaman, har ita kanta Indonesiyar ta isa a 2005. Ba 'ya'yan Turawa ta gurgunta ba, 'ya'yan Musulmi ne, kuma wasunsu su ne muke gani yau a kan keken guragu a bakin masallatan Juma'a. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a waccan shekara kuwa, yau ga su nan da goyo. Mafi muni, a watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, bayin Allah masu neman abinci. Wane malami ne zai halatta wannan jinin?

Sunan cutar ma kansa abin lura ne. Kakanninmu sun ce Inna ce, wata aljana, ke shanye ƙafar yaro. Mun yi wa'azi mun yaƙi wannan camfi na bori, amma sai muka maye gurbinsa da jita-jita, wadda ita ma ba mu auna ta ba. Alhali Suratul Hujurat ta hore mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wannan horon ya hau kan labarin da ya fito daga Bature, ya hau kan wanda ya fito daga wayar ɗan'uwanka.

Tantancewa kuwa ba a yin ta da zafin murya. Ana yin ta ne da ɗakin gwaji da masana haɗa magunguna da likitoci masu tsoron Allah, waɗanda za su ɗauki kwalbar su auna, su ce ga abin da ke ciki. Nawa muke da su? Iyaye nawa ne a cikinmu ke ƙarfafa wa 'ya'yansu, musamman mata, su karanci kimiyya bayan Islamiyya? Indonesiya da muka amince da nata maganin, ai karatu ta yi har ta kai ga yin sa.

A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma aiki bai ƙare ba. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna a Kano, kuma akasarin yaran da ya kama ba a yi masu rigakafi ba. Muna kira ga likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikin wannan harka tamu da su riƙa tsayawa bayan karatun Asuba ko na Magariba a masallatan unguwanni, su amsa tambayoyin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Su kuma mahukunta, duk maganin da za a gwada a kan ɗan talaka, a rubuta bayaninsa da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa uba da uwa, sannan a nemi yardarsu.