Taron Tsintsiya Ba Shara: Su Wa Ke Zana Taswirarmu?

A wannan makon muna so mu yi magana a kan taswira, da kuma lissafin mutanen da ke zana ta.

Akwai wata taswira a intanet mai suna OpenStreetMap. Wani ɗan Ingila, Steve Coast, shi ya fara ta a shekarar 2004. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta kamfani ba. Kowa zai iya yin rajista kyauta ya zana titi, ko ya sa sunan kasuwa da asibiti, kuma kowa zai iya amfani da ita. Yanzu waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka an gama zana duniya kaf. Mu a ganinmu adadin yana ruɗin mutane, domin rubuta suna daban, yin aiki daban.

A shekarar 2012 wasu masana biyu a Jamus, Pascal Neis da Alexander Zipf, sun ƙirga aikin masu rajista, waɗanda a lokacin suka ɗan haura 500,000. Sun gano cewa kashi 38 cikin 100 ne kawai suka taɓa zana ko da abu ɗaya. Waɗanda suka yi aiki sosai kuwa kashi 5 ne cikin 100. Sun kuma gano cewa kashi 72 cikin 100 na masu aikin a Turai suke.

Mu kawo lissafin nan cikin aji. A ce ɗalibai 60 aka sa sharar filin makaranta. Wajen 37 ba su ko ɗauki tsintsiya ba, 20 sun ɗan taɓa sun gudu, 3 ne suka share filin. In aka raba aikin da 60 don a fitar da matsakaici, sai a ga kamar kowa ya yi nasa. Lissafin daidai ne, amma ya ɓoye gaskiya. Shi ya sa duk lokacin da aka ba mu babban adadi ya kamata mu tambaya: mutum nawa ne suka yi aikin, kuma a ina suke zaune?

Wani zai ce mene ne laifi idan mutanen nesa suka zana mana? Gaskiya sun yi abin a yaba. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a watan Janairun 2010, ɗaruruwan masu sa kai daga ƙasashe daban-daban sun dubi hotunan tauraron ɗan'adam suka zana titunan babban birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi amfani da su. Haka aka yi a 2014 lokacin cutar Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo. Ko a nan arewacin Najeriya, masu allurar rigakafin shan inna sun yi aiki da taswira don kada a tsallake ƙananan ƙauyuka. Kenan wurin da ba ya cikin taswira yana iya rasa magani ko agaji.

Sai dai hoton sama rufin kwano kawai yake nunawa. Ba ya faɗin ko ginin nan asibiti ne ko shagon ɗinki. Ba ya faɗin ko famfon burtsatsen unguwa yana ba da ruwa ko ya shekara a lalace. Bai san sunan lungu ba, bai san hanyar da ruwa ke yankewa da damina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matasan unguwar Kibera da ke Nairobi a Kenya sun gane haka. A 2009 suka bi unguwarsu da ƙafa, suka sa makarantu da asibitoci da wuraren ɗiban ruwa a taswira da hannunsu.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta da malaman kwamfuta da na lissafi su taimaka mana mu fara namu. Ba sai kowa yana da waya ba. Za a iya buga taswirar unguwarmu a takarda, mu fita rukuni-rukuni tare da malami, mu rubuta abin da muka gani da fensir, daga baya malami ya shigar da shi a kwamfuta. Wuraren jama'a kawai za mu sa, kamar masallaci da coci da kasuwa da famfo. Ba za mu sa sunan gidan kowa ba.

Idan an fara, kada a auna mu da yawan sunayen da ke takardar rajista. A ƙarshen kowane zangon karatu a liƙa lissafi uku a wannan allon: mutum nawa suka fita, mutum nawa suka sake dawowa, da wurare nawa aka koma aka duba ko bayaninsu yana nan daidai. Duk mai son shiga ya ba wakilin ajinsu sunansa, amma ya sani za mu ƙirga.