Karayar ƙwauri a bakin gwiwa: ƙaramin tsagi, doguwar jinya

A wannan mako za mu tsaya a kan wata karaya da ƴan kasuwa da masu hawan kabu-kabu suka sani, wato karayar ƙashin ƙwauri daf da gwiwa.

Ƙashin ƙwauri yana da faɗi a samansa kamar faifai, kuma a kan wannan faifai ne ƙashin cinya yake zaune da nauyin mutum duka. Idan gaban mota ya bugi gwiwa daga gefe, ko yaron mota ya faɗo daga saman kamyo ya dira a kan ƙafa, sai ƙashin cinya ya danne faifan ya tsaga shi, ko ya lotsa shi kamar gindin kwano. Wani likitan Kanada, Joseph Schatzker, ya kasa wannan karaya gida 6 a shekarar 1979, kuma har yau likitocin ƙashi suna aiki da rabon nasa.

Ba mu raina maɗoran gargajiya ba, sun ɗora ƙafafu da yawa a ƙasar nan. To amma wannan karaya a cikin gaɓa take, hannu da karare kuwa ba su iya ɗago ƙashin da ya lotsa. Zai haɗe a yadda yake, gwiwa ta karkace, guringuntsi ya riƙa cinyewa, bayan ƴan shekaru mutum ya kasa durƙusawa. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗauri mai tsanani a kan kumburi. Idan zafi ya ƙi jin magani, ƙwauri ya yi tauri kamar itace, yatsu suka fara mutuwa, to jini ne ya daina ratsa nama, kuma sa'o'i kaɗan ne tsakanin mutum da rasa ƙafarsa. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

A da, likita yakan yi dogon tsagi, ya ɓare nama daga jikin ƙashi kafin ya ɗora ƙarfe. Ƙashi kuwa daga wannan nama yake samun jini, shi ya sa ciwon yakan ruɓe ko ya ƙi rufewa. Daga shekarun 1990, musamman a Jamus, aka soma wata dabara: a yi tsagi na ƴan santimita, a zura siririn ƙarfe ta ƙarƙashin nama ya kwanta a jikin ƙashi, a ɗaure shi da kusoshi ta ƙananan huji, likita yana duban hoton ƙashin a allo. Inda ƙashi ya lotsa, a tura shi sama daga ƙasa, a cike ramin da wani ƙashi. Wani lokaci ana sa ƴar kamara mai kaurin fensir a cikin gwiwa domin a ga ko faifan ya daidaita. Ba kowace karaya ce take karɓar wannan aiki ba, ba kuma kowane asibiti ne yake da kayansa ba. Wanda ƙashinsa ya ragargaje, sai an buɗe shi. Idan kuma likita ya ce a jira mako 1 ko 2 kumburi ya saɓe, ba sakaci ba ne.

Ga inda mutanenmu suke yin asara. Mai jinya ya ga tabo ƙarami, an cire zare bayan mako 2, sai ya ɗauka ya warke, ya tuna da shagonsa ko da teburinsa na biro. Alhali fata ce ta warke. Lanƙwasa gwiwa ana soma shi da wuri, a hannun masu gashin ƙashi, domin kada ta sandare. Taka ƙafa kuwa sai bayan mako 8 zuwa 12, kuma da izinin likita bayan sabon hoto. Wanda ya taka kafin lokaci, faifan yana iya sake lotsawa, kuɗin aikin ya tafi a banza. Taba sigari da ciwon sukari suna jinkirta haɗewar ƙashi. Idan sharaɓa ta kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take, domin jini yana iya daskarewa a jijiya.

Ma'aikacin da ke aikin zaune yana iya komawa da sandunansa kafin ya soma takawa. Mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, wanda hawa da saukar mota ne sana'arsa, ya nemi wanda zai riƙe masa hanya na wata 6 ko fiye.