Wa ya riga kai tiyar hatsi?

Jama'a, a karkarar Gure, Gamu da kewaye, da zarar an ji ƴan mishan na shirya wani gida don baftisma sai surutu ya tashi, wai an saye su da hatsi. To, ina muke lokacin da rumbunsu ya ƙare? Mun ga yunwar 2005, zakkar da yawanmu ba ta kai ƙofar maƙwabci ba.

Su ma ƴan mishan muna da magana da su. Tun 1950 asibitin Galmi ke duba Musulmi da Kirista, to tiyar hatsi ma a ba da ita haka, babu sharaɗi. A bar maigida da iyalinsa su ƙoshi tukuna, sannan a tambaye shi ko har yanzu yana son shiga ruwan.