Zauren Maigida: Wuƙar da Yaro Zai Tafi Zango da Ita

 Hutun makaranta ya matso, ikkilisiyoyi da dama suna shirin kai samarinsu zango a daji. Iyaye mata suna ta harhaɗa bargo da tabarma da kwano da tocila. Amma akwai abu guda da akan bar wa maigida, shi ne wuƙa. Wani uba cikin masu karatu ya tambaye ni, ya ce, “Ɗana ya dame ni in saya masa wuƙar zango. Wace iri zan saya, ko kuwa in hana shi?” A kan wannan za mu yi hira a wannan wata.

Kwana a zango daɗaɗɗiyar al'ada ce a aikin samarin ikkilisiya. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Glasgow a shekara ta 1883, ya kai yaransa zango na farko a 1886. Ƙungiyar ta iso Ikko a 1908. Tun daga wancan zamani aikin zango bai sake ba. Za a yanke igiya, a feƙe turakun tanti, a tsaga ƙirare na hura wuta, a fere doya, a yanka albasa, a gyara kifi ko kaza. Dukan waɗannan ƙananan ayyuka ne, wuƙa matsakaiciya ta ishe su.

Kuskuren da na yi

Bari in fara da laifin kaina. Sa'ad da babban ɗana zai tafi zango na farko, muka shiga kasuwa tare. Ya ga wata ƙatuwar wuƙa tana walƙiya, ruwanta ya kusa ƙafa guda, bayanta da haƙora kamar zarto, ƙotarta kuwa rami ne a ciki da murfi, wai ana ɓoye ashana. Irin wadda ta yi tashe ne bayan fim ɗin Rambo na 1982. Ya ce, “Baba, wannan nake so.” Na ga ba ta da tsada, na biya ban ko duba ta ba.

Kwana biyu da tafiyarsu aka dawo mini da shi da ƙyalle a ƙwauri. Ya ɗora wuƙar a kan itace ya buga, ƙarfen ya ɓalle daga ƙota, ya yi tsalle ya same shi. Da na ɗauki gutsattsarin na duba, sai na ga ashe ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai gaɓar yatsa ba ya riƙe ruwan wuƙar da ƙotar. Allah ya kiyaye, ɗinki kaɗan aka yi masa. Uwarsa ba ta ce mini uffan ba, amma kallon da ta yi mini ya isa wa'azi. Gaskiyar Hausawa, araha ba ta ado.

Don me ba mai naɗewa ba?

Wuƙa mai naɗewa tana da amfaninta, tana shiga aljihu, tana feƙe fensir, tana ɓare lemo. Amma ƙarfinta duka yana kan 'yar ƙusa ɗaya ce da take juyawa a kai. In an matsa mata, takan yi sako-sako, wani lokaci ta rufe a kan yatsun mai ita. Jini da kitse kuma sukan maƙale a cikin ramin, wanke ta da wuya. Wuƙa mai kube ba ta da gaɓar da za ta saki. A yi aiki, a wanke, a share, a mayar kube. Shi ya sa mahauta da maharba suka riƙe ta tun kaka da kakanni.

Abu biyar da za a duba

1. Tsawo. Ruwan wuƙar ya zama tsakanin inci 4 da inci 5, wato santimita 10 zuwa 13. Mutanen ƙasar Finlan, waɗanda zaman daji ya zama musu jiki, suna da wuƙarsu da ake kira puukko, ruwanta yakan yi daidai da faɗin tafin hannun mai ita. Wannan awo mai sauƙi ne, kowa yana tafe da shi. Wuƙar da ta wuce inci 6 tana gajiyar da hannu, tsininta ya yi nisa da yatsu, ba a iya sarrafa ta wajen aiki mai laushi. In akwai sara, a ɗauki adda ko gatari, aikinsu ne.

2. Kauri. A dubi bayan wuƙar. Milimita 2 zuwa 4 ya isa. In ta fi haka kauri, za ta fasa doya maimakon ta yanka. In ta fi haka sirantaka, za ta lanƙwashe cikin itace. Bayan ya zama sumul, ba haƙora, domin a nan babban yatsa yake hutawa sa'ad da ake feƙe turke. Bakin ma ya zama miƙaƙƙe, gama baki mai haƙora ba ya wasuwa a kan dutse irin na gida.

3. Wutsiyar ƙarfe. Wannan shi ne abin da ban duba ba. Ƙarfen wuƙa ba ya ƙarewa a bakin ƙota, yana da wutsiya da ta shige ciki. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ana ganinsa tsakanin katako biyu, an ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku. Wadda wutsiyarta siririya ce ma tana aiki, muddin ta shiga da nisa. Wuƙaƙen garin Mora a ƙasar Suwidin, inda aka kafa masana'antar wuƙa tun 1891, yawancinsu haka suke. Wutsiyar takan kai wajen kashi uku cikin huɗu na ƙota, ruwan kuwa wajen santimita 10, amma sun yi suna a duniya wajen aikin zango, ga su da sauƙin kuɗi. Riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka kama bayan ruwan da ƙyalle, ka jijjiga. In ka ji ko ɗan motsi, ajiye ta ka yi gaba.

4. Irin ƙarfe. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ƙarfe mai kabon, irin wanda maƙeranmu suke aiki da shi. Yana kama kaifi da sauri, kowane dutsen wasa wuƙa yana cinsa, amma yana tsatsa in an bar shi da laima. Akwai kuma farin ƙarfe marar tsatsa, wanda Harry Brearley ya haɗa a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke hana tsatsa. Ga zangon damina, ko bakin kogi, ko yaron da ba ya tuna share kayansa, marar tsatsa ya fi. Ga mai kula da kaya, mai kabon ba shi da laifi. Kada walƙiya ta ruɗe ka, akwai farar wuƙa mai taushi da ba ta riƙe kaifi ko na yini ɗaya.

5. Ƙota da kube. Ƙotar ta cika tafin hannun wanda zai yi aiki da ita, ba hannun wanda ya biya kuɗi ba. Saboda haka a tafi da yaron kasuwa ya riƙe da kansa. Kada ta yi santsi in ta jiƙe. Ta kasance da ɗan tudu ko lanƙwasa a gaba wanda zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi. Kube kuwa rabin wuƙa ne. Sa wuƙar ciki, ka kife shi a kan tabarma, ka girgiza. In ta faɗo, ba kube ba ne. In na fata ne, a tabbata dukunci ya sa ƙarin fata a gefen da bakin wuƙa yake bi, in ba haka ba kaifin zai yanke ɗinkin.

Kada a raina maƙerin gari

Ba lalle sai wuƙar ƙasashen waje ba. Maƙera da yawa suna ƙera wuƙa da tsohon sifirin mota, ƙarfe ne mai kyau, mai jimrewa. Kai masa awon da na faɗa a sama, ka ce ƙarfen ya ratsa ƙota. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne yadda yake taurara ƙarfen bayan ya yi ja a wuta. In bai taurara ba, bakin zai naɗe. In ya taurara fiye da kima, zai gutsure kamar kwalba. Ga gwaji mai sauƙi. Goga magagari a hankali kusa da bakin. In ya ci ƙarfen kamar yana cin ƙusa, wuƙar ta yi taushi. In ya zame, ko ya ɗan kama kaɗan, ta yi. Sa'an nan ka feƙe busasshen itace da ita sau ashirin, ka sake duba bakin a hasken rana. Wuƙar da na ba ɗana bayan ya warke, maƙeri ne ya ƙera ta a gabana. Ƙanensa ma da ita ya je zango.

Kaifi da kulawa

Iyaye da yawa suna tsammani dakusasshiyar wuƙa ta fi zama lafiya a hannun yaro. Ba haka ba ne. Dakusasshiya tana sa mutum ya danna da ƙarfi, ta zame, ta sami hannu. Littafin Mai Hadishi, sura 10 aya 10, ya lura da wannan tun da daɗewa, cewa wanda bai wasa kayan aikinsa ba sai ya ƙara ƙarfi, hikima kuwa tana rage wahala. Karanta wa yaranku wannan aya a sujadar yamma.

Wajen wasawa, a jiƙa dutse, a kwantar da ruwan wuƙa a kai, a ɗaga bayanta kaɗan, wajen digiri 20. Wanda ba shi da ma'auni, ya tsai da wuƙar sak a kan dutse, ya rage rabi, ya sake rage rabi, ya zo kusa ke nan. A yi adadi ɗaya a kowane gefe, a ƙarasa a kan tsohuwar ɗamarar fata. Bayan aiki a wanke, a share ta bushe, a shafa ɗan man kaɗe ko man gyaɗa. In za a ajiye ta watanni, a cire ta daga kuben fata a naɗe a takarda, gama fata tana riƙe laima. Kada a soka ta a ƙasa, kada a tona rami da ita, kada a buɗe gwangwani da tsininta, kada a sa ta a wuta.

Dokokin da uba zai koyar

Wuƙa mai kyau ba ta isa ba sai da tarbiyya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin yaro ya fita da ita, ku zauna a gindin itace ya yi aiki a gabanka.

Ya yanka zuwa waje, nesa da jikinsa.

In yana zaune, ya ɗora gwiwar hannu a kan gwiwoyinsa, aikin ya kasance a gaba. Kada ya yi yanka a tsakanin cinyoyi, domin babbar jijiyar jini tana bi ta cikin cinya.

Ya tabbata ba kowa kusa da shi iyakar miƙon hannu.

In zai ba wani, ya sa ta cikin kube tukuna, ko ya ajiye wancan ya ɗauka.

Ba gudu da tsirarar wuƙa, ba jifa, ba aiki da ita cikin duhu. In ta suɓuce, a janye ƙafa a bar ta ta faɗi.

In aka yanke, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta wajen minti 10 ba tare da ɗagawa ba, a ɗaga hannun sama. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta a ɗaure. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko baƙin mai. In rauni ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsa ya ƙi motsi, a kai asibiti nan da nan, a kuma tambayi allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Kayan aiki ce

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Muna zaune a wuraren da ƙaramar gardama tsakanin samari takan zama babbar fitina. Yaron da ya rataya wuƙa a gari, ko da bai nufi kowa da mugunta ba, ya jawo wa kansa tuhuma, ya jawo wa ikkilisiya baƙin suna. Ku tuna da daren da aka kama Ubangijinmu. Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu kuwa ya umarce shi ya mayar da shi kube, kamar yadda muke karantawa a Yahaya sura 18. Saboda haka wuƙar zango ta zauna a ƙasan jaka a hanya, a fito da ita a wurin aiki, a mayar da ita akwatin uba in an dawo. Ba ta zuwa makaranta, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa majami'a. A kuma tambayi shugabannin zango tukuna. In sun ce su ne za su riƙe wuƙaƙe su raba lokacin aiki, a yi musu biyayya.

To, ɗan'uwana da ka yi tambaya, ga amsata. In ɗanka yana jin magana, yana mayar da fartanya wurinta ba sai an tuna masa ba, kuma ba mai saurin fushi ba ne, saya masa matsakaiciya, mai ƙarfi, marar ado, ka koya masa da hannunka. In bai kai nan ba, gaya masa dalili a fili, ka ce baɗi. Ba zai rasa wanda zai yanke masa igiya a zango ba.

Ubangiji ya kai yaranmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda.